Wanda Ya Danna Kore

Manaja, da kai nake. Kai mai ofis ɗin sama, mai na'urar sanyi da kujera mai juyawa. Kai ka sa aka daina neman ɗana tun kafin ya ɓace, kuma da na durƙusa a gabanka cewa ka yi a fitar da ni. Ban yi makaranta ba, surukata ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata in ta sassauta mini kalma ɗaya zan gane a fuskarta. To, buɗe kunnenka.

Autana direba ne a kamfaninku. Ga wanda bai san aikin ba: dillalan garuruwa su yi odar sababbin motoci, a kawo su a jere a babban filinku, kujerunsu naɗe cikin leda, sai direbobi su tuƙa su ɗaya bayan ɗaya su kai wa mai oda, su dawo a motar haya. Kowace mota an ɓoye mata wata 'yar na'ura. Tana tafiya, ɗigonta na tafiya a allon ofis.

Ranar ƙarshen wata ya fita da wata babbar farar mota. Ya ce gobe da yamma yana gida. Goben ta zo ta wuce. Wayarsa a kashe. Matarsa ta ajiye masa abinci har ya lalace, ta zubar, ta sake ɗora tukunya.

Kafin mu fita neman labari, labarin ya zo ya same mu da kakin 'yan sanda. Suka ɗaga katifa, suka zazzage akwatin kayan jaririn da ba a ma haifa ba, wai suna neman makulli. Dillali ya ce mota ba ta iso ba, kamfani ya ce Auta ya gudu da ita. Mutanen layinmu suka cika ƙofa suna leƙe. Mai shagon kusurwa, wanda Auta ya taɓa kai masa mata asibiti tana naƙuda, na ji shi da kunnena yana cewa, "Ni dama shiru-shirun nan nasa bai taɓa kwanta mini ba." Daga ranar, in na fito famfo sai hira ta mutu.

Ni ba kunyar ce ta dame ni ba. Na san abin da na haifa. In bai kai mota ba, bai kuma dawo gida ba, to wani abu ya same shi a hanya.

*

Na tafi kamfani. A ofis ɗin ƙasa na sami Akawu, wata siririyar mace mai tabarau, ga allo a gabanta cike da layuka masu launi.

"'Yar nan, ina ɗana?"

Ta yi danne-danne, ba ta ɗago ba. "Inna, shi ai kore ne."

"An kore shi? Me ya yi? To ko korarsa aka yi ai gida zai dawo!"

Direbobin da ke benci suka tuntsire da dariya, sai suka tuna ko ni wace ce, suka haɗiye ta.

"Ba korar aiki ba, Inna. Launi nake nufi. Ja, mota na fili. Rawaya, tana hanya. Kore, an miƙa wa mai ita. Da wayar aikinsa aka danna cewa ya miƙa."

"To nuna mini ɗigon. Ina ɗigonsa yake?"

"In mota ta yi kore, ɗigon ɗaukewa yake yi. Ta zama ta mai ita, ba mu da ikon bin ta."

Ta ƙi haɗa ido da ni. A lokacin na ɗauka ni take tsoro.

Na hau bene da ƙyar na same ka, Manaja. Ka tuna abin da ka ce? "Mama, kwamfuta ba ta ƙarya. Ɗanki ya danna, ya rufe mana ido, ya yi gaba da dukiyar mutane." Na ce to a buɗe idon mana. Ka ce kore ba ya komawa baya. Na zube a ƙasa, ka kira Mai gadi ya raka ni waje. Shi ma kansa a sunkuye ya riƙe mini hannu.

Da yamma Ciyaman ya zo gida, wato shugaban direbobi. Abokin marigayi mijina ne, shi ya sama wa Auta aikin. Ya zauna a tabarmata, surukata ta kawo masa abinci, ya ci yana goge ido.

"Yaya, ki zauna a gida. Yawan zuwanki can ƙara masa laifi yake yi. Ki bar mini komai, ai ɗana ne."

Na yi ta sa masa albarka.

*

Kwanaki suka tafi, shiru. Sai ga wani gajeren mutum mai ɗingishi a ƙofarmu, da jaka a kafaɗa, takalminsa duk taɓo.

"Inna, ni mai bin sawu ne. Kamfanin inshora ya turo ni. Ba zan ɓoye miki ba, mota aka ce in nemo, ba ɗanki ba."

"To ga hanya nan."

"Sai dai mota ba ta tuƙa kanta. In na same ta, na sami inda aka rabu da shi."

Inda aka rabu da shi. Na ba shi hanya ya shigo.

Bai ɗaga katifa ba. Ya tsaya yana kallon gadon jaririn da Auta ke haɗawa a bayan ƙofa, rabi da fenti rabi babu, ga buroshi ya bushe a kan gwangwani. Ya tambayi surukata ko mijinta ya ɗauki wasu kaya, ta nuna masa takalmin fitarsa a ƙarƙashin gado da maganin ulsarsa a taga.

"Yana iya kwana biyu ba maganin nan?"

"Ko yini ɗaya ya yi sai ya murƙushe," in ji ta, ta fashe da kuka.

Ya saɓa jakarsa. Na yafa mayafina.

"Ina zuwa, Inna?"

"Inda za ka."

"Ƙafarki za ta iya?"

"Ta fi taka."

Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa, ya buɗe mini ƙofar wata tsohuwar motarsa mai tari.

*

Da Mai gadi ya fara. Tsohon ya ja mu bayan ɗakinsa yana waige-waige.

"Shi kaɗai ya fita, da rediyo a kunne. Har ya leƙo ya ce yana gaida basir ɗina, ɗan banza." Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. "Amma da na haska lambar motar da abin haskawar nan, wani irin kuka ya yi, ba nasa na kullum ba. Na kira ofis, aka ce in buɗe kawai, ƙarshen wata ne, manhajar kwamfuta ce ta gaji."

"Manhaja na gajiya?" in ji Mai bin sawu.

"Yallaɓai, ni ƙofa aka ba ni."

Daga nan sai Mai wayarin, wanda ke liƙa na'urorin a motoci. Duk filin shi ake nunawa da baki, don ya taɓa zaman gidan yari. Ni kaina na riga na yanke masa hukunci tun kafin in gan shi. Muka same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin sitiyari. Ya fito yana huci.

"Na san za a zo! Ko cokali ya ɓace a kamfanin nan, Mai wayarin ne. Zo ka gani." Ya fizge wata waya a motar da yake ciki. Nan take ƙara ta tashi daga ofis, Akawu ta leƙo a firgice. Ya mayar da wayar. "Ka ji? In an yanke ta, ihu take yi. Ta motar Auta ba ta yi ihu ba. Tana nan da ranta, barci aka sa ta."

"Ana iya tashinta?"

Mai wayarin ya nuna tagar ofis ɗinka da sukudireba, ya koma ƙarƙashin sitiyari.

Muna cikin haka wayar Mai bin sawu ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta sauya. An tsinci gawar wani namiji a ƙarƙashin wata gada, a hanyar da Auta ya bi.

*

Ba zan manta sanyin ɗakin nan ba, da warin maganin da ke shiga har cikin haƙora. Mai aikin wurin ya jawo wani dogon faranti na ƙarfe. Ƙafafu suka fara fitowa. Na kasa duba su. Na damƙe hannun Mai bin sawu har sai da ya ce, "Inna, za ki karya ni." Aka yaye zanen.

Ba shi ba ne. Wani ne mai gemu, ɗan wata uwar.

Na fito na zauna a dakalin asibiti. Na gode wa Allah, sannan na ji kunyar godiyar, don akwai wata uwa a wani wuri da ke ɗumama abinci. Kuma tsoron bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. In ba a wannan faranti yake ba, a ina yake kwance?

Mai bin sawu na zaune a mota da kwamfutarsa a cinya. Ya yafito ni.

"Akawu ta turo mini wani abu a ɓoye. Manaja ranar da aka danna kore kawai ya gaya mini, ya ce sauran sirrin kamfani ne. Ashe manhajar ba ta yarda a danna kore sai an ɗauki hoton mitar mota, abin da ke ƙirga tafiya. Ga hoton na motar ɗanki."

"Ban iya karatu ba. Gaya mini da baki."

"Daga fili zuwa garin dillali tafiyar yini ce. Abin da mitar nan ta ƙirga, tun da aka ƙera motar, bai kai daga gidanki zuwa kasuwa ba." Ya rufe kwamfutar a hankali. "An ɗauki hoton nan motar ba ta bar fili ba. An ce ta isa tun ba ta tashi ba. Ɗanki ya fita da makauniyar mota, shi kuma yana ɗauka ana kallonsa."

*

Washegari da hantsi Mai bin sawu ya tara ku a ofis ɗinka: kai, da Akawu, da Mai gadi, da Mai wayarin, da Ciyaman, da wani ɗan sanda a bakin ƙofa. Ka ce me wannan tsohuwar ke yi a nan. Na jawo kujerar baƙi na zauna.

Ya sa hoton a babban allon bango. Direba ba ya buƙatar bayani. Mai wayarin ya yi fito. Ciyaman ya cire hula ya mayar.

"Wa ya ɗauki hoton nan?" in ji Mai bin sawu.

Can Akawu ta cire tabarau, ta fara magana tana kallon ƙasa.

"Duk ƙarshen wata hedkwata na duba yawan kore. Manaja ya ce duk motar da za ta fita ranar a mayar da ita kore tun da safe, ai ko yaya za ta isa. Ciyaman ke karɓe wayoyin direbobi, ya ce za a sabunta manhaja, ya bi motocin yana ɗaukar hoto yana dannawa."

Ka buga tebur. "Kowane reshe haka yake yi! Gyaran aiki ne, ba sata ba!"

"Ban ce ka saci mota ba," in ji Mai bin sawu. "Kai dai fitila ka kashe. Tambayata, wa ya san an kashe? Kai, da ita, da shi."

"Haba," in ji Ciyaman, yana murmushin dole. "Ni da na riƙe yaron nan tun yana rarrafe?"

"Ba Auta aka fara ɗora wa motar ba," in ji Akawu. Yanzu kam ta ɗago. "Ƙanin Ciyaman ne. Da safen Ciyaman ya zo ya ce in sauke shi in sa Auta. Yana nan a manhaja."

"Zazzaɓi yake yi! Laifi ne in tausaya wa marar lafiya?"

"Zazzaɓi?" Mai gadi ya gyara tsayuwa. "Ai ranar shi ya kai ƙaramar shuɗiyar nan cikin gari, ya dawo yana cin rake. Har ya watsa mini ɓawo a ƙofa, ni na share."

Na tashi. Ban san yadda na isa gaban Ciyaman ba. Gumi na bin wuyansa cikin duk wannan sanyi.

"Ka zauna a tabarmata. Ka ci abincin da aka dafa masa."

"Yaya..." Ya ja da baya. "Wallahi ɓarayin cewa suka yi ɗaure shi kawai za su yi, su ajiye shi a bakin hanya. Ba za su taɓa lafiyarsa ba."

"To me ya hana ka bar ƙaninka ya sha ɗaurin?"

Ɗan sanda ya matso ya kama shi ta ƙugu.

"Ina suka kai shi?" Na cakumi rigarsa. "Ina?"

Ya rantse bai sani ba. Shi dai ya gaya musu rana da hanya, tun daga nan suka kashe waya. Wanda ya sayar da shi ma bai san inda yake ba.

Mai bin sawu ya juyo gare ka. "Mayar da motar rawaya. Na'urar za ta farka."

Ashe ana mayarwa. Ashe tun ranar da na zube a gabanka yatsa ɗaya ne tsakanina da ɗana. Kuma ko a lokacin, a gaban kowa, me ka ce? "In na mayar, saƙo zai tafi hedkwata da sunana. A bari in yi shawara tukuna."

Mai wayarin ya je ya jingina da ƙofa. Mai gadi, wanda bai taɓa ɗaga ido a gabanka ba, ya ce, "Yallaɓai, danna." Na zagayo bayan teburinka na tsaya a kanka, har ina jin warin turarenka.

Ka danna.

Allon ya yi ta juya wani ɗan zobe. Na roƙi Allah da duk abin da na iya. Can, nesa da babbar hanya, wani ɗigo ya fito yana ƙyaftawa.

*

A wata rumfar kwano muka sami motar, bayan tsohon gidan buga bulo. An cire mata lamba da kujeru, an fara fesa mata baƙin fenti. 'Yan sanda suka kama mutum biyu. Na leƙa ko'ina, har cikin durom na leƙa. Ba Auta. Ɗayansu ya ce Auta ya yi musu gardama, suka buga masa ƙarfe a ƙafa, suka tura shi wani kwalbati a hanyar masu yashi.

Da muka isa kwalbatin na kasa sauka daga mota. Mai bin sawu ya gangara shi kaɗai da ɗingishinsa. Na rufe ido ina jiran ya kira 'yan sanda, ba ni ba.

"Inna!"

Ba kowa a ciki. Ya nuna mini busasshen taɓo: nan an ja wani abu mai nauyi, nan kuma sawun taya biyu na amalanke da kofaton jaki. Ya bi sawun a sunkuye, ni ina bayansa, har wurin masu haƙar yashi. Suka ce e, sun tsinci wani, ya daɗe a kwance kafin su gan shi. Sun kai shi ɗan asibitin da ke bayan tudu.

A can ba su san ko shi wane ne ba. Direba suke ce masa, don cikin zafin zazzaɓi hannuwansa juya sitiyari suke yi a iska. Na gane shi tun daga ƙofa, ta ƙeyarsa. Yana numfashi. Na faɗa kansa, sai hannuna ya sauka a kan zanen rufa inda ya kamata in ji ƙafar dama, na ji katifa.

Likitan ta ce shekaranjiya suka yanke, ciwon ya riga ya ci. Da danginsa sun zo da wuri an wuce da shi babban asibiti, da an ceto ta. Sun kai rahoto, amma ba wanda ke cigiyar mai rauni. Ɓarawo kowa ke nema.

Da ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Inna, da suka karkatar da motar ban ji tsoro ba. Na ce yanzu ofis za su ga na bar hanya. Na yi ta jira."

*

Ciyaman na tsare, zai ga alƙali. Akawu kun sallame ta, wai ta fitar da sirri. Kamfani ya aiko wani mai taye ya gaya mana matsalar manhaja ce, za a gyara. Kai kuma kana nan a sama kana juyi a kujera.

Manhaja ba ta da yatsa, Manaja. Ba ita ta dube ni ina ƙasa ta ce ba a mayarwa ba. A ranar ɗana na kwance a kwalbati da ƙafafunsa biyu.

Ba na son gaisuwarku, ba na son kwalin madarar da kuka aiko, yana nan a ƙofa ku zo ku ɗauka. Ina so ka sauko daga benen nan da ƙafarka, tunda kai kana da su. Ka zo layinmu ka faɗa da bakinka, kowa na ji, cewa ɗana ba ɓarawo ba ne. Ka shigo ɗaki ka dubi direban da ba zai ƙara taka birki ba, ka gaya masa abin da ya sa ya yi ta jira. Sannan ka tsaya gaban alƙali kusa da Ciyaman. Masu kamfani kuma, ku da kuke can kuna ƙirga kore, ku ma ku zo ku faɗa mana direbobi nawa ke kan hanya yau ba mai kallonsu. Kullum da safe ina bakin ƙofarku, Mai gadi ya riga ya ajiye mini benci. Ba zan tashi ba sai ka fito ka amsa.